Dillalin Haske: Kabon Naitaraid da Sana'ar Haɗa Sinadarai

Laccar da aka gabatar a Giginyu, Nassarawa, Kano

Gabatarwa



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga dacewar a fito da lacca daga harabar jami'a a kawo ta cikin gari. Na tabbata akwai wanda ya duba takardar gayyata, ya ga kan maganar, sa'an nan ya ga sunan malamin Hausa a ƙarƙashinsa, ya ce a ransa, to me ya haɗa kifi da kaska? Amsar tana da ɗan tarihi. Lokacin da nake karatun digirina na uku a ƙasar Turai, akwai wani abokina ɗalibin ilmin sinadarai, watau kemistiri, wanda ya taɓa shiga da ni ɗakin gwajinsu wata rana da hunturu. Ƙarfe huɗu na yamma ne, amma gari ya riga ya yi duhu. Ya nuna mini wata 'yar kwalba, a cikinta akwai ruwa da wani gari mai launin garin ɗorawa, an kunna mata wata 'yar fitila shuɗiya. Na tambaye shi da me ake yin garin, ya ce da takin yuriya. Na ce fitilar fa? Ya ce ita ce ke tsaya musu a madadin rana. Tun daga wannan yammaci maganar ba ta bar ni ba, domin yuriya da rana abubuwa ne da na baro a gida jingim.

Wurin da muke zaune ma ya dace da zancen. Sunan wannan unguwa, Giginyu, jam'in giginya ne. Ganyen giginya, kamar kowane koren ganye, yana kama hasken rana, ya haɗa ruwa da iska ya mai da su zaƙin da ke cikin 'ya'yanta, da garin da ke cikin muruci, da ƙarfin azarar da ke riƙe da soro. Ba wuta, ba tukunya, ba hayaƙi. Abin da masana suke nema da wancan gari shi ne su koyi wani yanki na wannan aiki na ganye. Sai dai kun san kirarin da Bahaushe ya yi wa giginya: na nesa ka sha inuwarki. Tambayar da zan so mu fita da ita daga nan ita ce, ko ranarmu da yuriyarmu su ma na nesa ne zai ci moriyarsu.

Darasin Marina

Kafin mu je Turai, bari mu tsaya a Ƙofar Mata. Marinar da ke can, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, makaranta ce ta ilmin sinadarai ko da ba a rubuta haka a ƙofarta ba. Marini yakan zuba baba da toka da ruwa a rami, ya bar su kwanaki su ruɓa. Idan ya tsoma zane ya fito da shi, zanen ba ya fitowa shuɗi. Fatsi-fatsi yake fitowa, tsakanin tsanwa da rawaya, sai ya sha iska sa'an nan ya rikiɗe a gaban idon mai kallo. Ku riƙe wannan rikiɗa, domin ita ce mabuɗin duk abin da zan faɗa.

Masana sun ce kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwayar zarra kuma tana da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke kewaya ta, waɗanda ake kira ilaktoron. Ƙwayoyin zarra sukan ƙullu da juna su zama abin da zan kira ƙullin zarra, kuma ilaktoron ne igiyar ƙullin. A cikin ramin rini, ƙananan halittun da ke ruɓar da baba su ne suke ba ƙullin shuni ƙarin ilaktoron, sai ya narke a ruwa, ya kuma rasa launinsa, ya shiga cikin zare. Da an fito da zanen, sai iskar oksijin ta karɓe waɗannan ilaktoron, shuni ya koma shuɗi, ya maƙale a zaren. Ba da ilaktoron da karɓe shi, wannan ita ce sana'ar marini, ita ce kuma sana'ar mai haɗa magani.

Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar rini da saƙa su ne ƙashin bayan arzikin birni. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Tambutu kaɗai ba su kasa kayan raƙumi 300 a shekara ba. Ba a cika shekara talatin da wannan ziyara ba sai wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya haɗa shuni a ɗakin gwaji, a 1883 kuma ya gano yadda ƙullinsa yake. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da babu ganyen baba a cikinsa. Gonakin baba na Indiya suka durƙushe cikin 'yan shekaru. Mu ma, da jirgin ƙasa ya iso Kano, ya riƙa sauke yadi da garin rini na waje, sai ramuka suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Lalle dalilan faɗuwar marina suna da yawa, amma babba daga cikinsu shi ne, mu mun iya aikin, su kuwa sun san dalilin aikin. Wanda ya san dalili yana iya canza hanya. Wanda ya iya aiki kaɗai, sai dai ya maimaita abin da ya gada.

Mene ne Dillalin Haske?

A ilmin sinadarai akwai wani irin abu da ake sa wa a cikin haɗi domin ya gaggauta ƙulluwar abubuwa biyu, alhali shi kansa ba ya shiga cikin abin da aka ƙulla, ba ya kuma ƙarewa. Na daɗe ina neman sunan da zai dace da shi a Hausa, ban sami wanda ya fi dillali ba. Dillalin Kasuwar Kurmi yakan haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki, kowa ya kama gabansa, shi kuwa yana nan a rumfarsa yana jiran na gaba. Idan dillalin sinadarai ba ya iya aiki sai haske ya sauka a kansa, to shi ne zan kira dillalin haske. La'adarsa ke nan, hasken.

Ga yadda yake aiki. Haske yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kuma ƙarfin ƙunshin ya danganta da launinsa. A launukan bakan gizo, ja ne mafi rauni, shuɗi da shunayya su ne mafiya ƙarfi, bayansu kuma akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ya fi su duka ƙarfi. Idan ƙunshi mai isasshen ƙarfi ya faɗa a kan dillalin, sai ya tunkuɗa ilaktoron ɗaya daga mazauninsa zuwa wani mataki na sama, ya bar gurbi a ƙasa. Yanzu dillali yana da hannu biyu: ilaktoron da ya hau sama yana neman wanda zai karɓe shi, gurbin da ya bari kuma yana neman inda zai fizgo wani ya cike kansa. Duk ƙullin zarrar da ya matso kusa, ko dai a ba shi ko a karɓe masa, ta haka sai ya tashi daga barci, ya zama a shirye ya ƙullu da wani. Abin da dā sai an dafa da wuta mai tsanani ko an zuba masa guba mai ƙarfi, sai ga shi yana yiwuwa a cikin ɗumin ɗaki.

Tunanin ba sabo ba ne. Giacomo Ciamician, malami a Jami'ar Bolonya ta Italiya, ya shekara da shekaru yana jera kwalabe a kan rufin ginin sashensu domin rana ta yi masa aiki. A watan Satumba na 1912 ya yi jawabi a birnin Niyok, inda ya yi hasashen cewa kwal zai ƙare wata rana, masana'antu za su koma ga hasken rana, kuma ƙasashe masu zafi su ne za su fi cin ribar wannan canji. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Japan suka nuna cewa farin sinadarin titaniyam, irin wanda ake sa wa a fenti, yana iya raba ruwa gida biyu idan an haska shi. Illarsa ita ce ba ya amsa sai hasken nan da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da rana ke aiko mana ba. Daga 2008 kuma, masana a Amurka, irin su David MacMillan da Tehshik Yoon da Corey Stephenson, suka buɗe sabon babi na haɗa sinadarai da hasken da ido ke gani. Sai dai dillalansu na rutiniyam ne da iridiyam, ƙarafa masu ɗan karen tsada. Iridiyam da ake haƙowa a duniya duka bai kai tan 10 a shekara ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. Daɗin daɗawa, narkewa suke a cikin haɗin, raba su da maganin da aka haɗa kuwa aiki ne ja.

Asalin Garin

A nan ne garin abokina ya shigo. Sunansa kabon naitaraid, domin ƙwayoyin kabon da na naitirojin ne suka gina shi, kusan uku na wannan ga huɗu na wancan. Kabon shi ne abin da ke cikin gawayi. Naitirojin kuwa shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa a ɗakin nan. Babu ƙarfe ko ɗaya a cikinsa.

Tsoho ne ƙwarai. Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, shi ya fara samun sa, a 1834 kuma Justus von Liebig ya raɗa masa suna melon. Ya ƙi narkewa a ruwa, ya ƙi narkewa a sauran abubuwan narkarwa, saboda haka aka rasa yadda za a bincike shi, aka ajiye shi gefe fiye da shekara 150. A 1989 Amy Liu da Marvin Cohen suka yi lissafin cewa wani nau'insa zai iya kamo daimon wajen tauri, sai hankali ya fara komowa kansa. Amma abin da ya fito da shi fili ya faru ne a Cibiyar Max Planck da ke Fotsdam kusa da Balin. A 2009 Xinchen Wang da Markus Antonietti, tare da Kazunari Domen na Jami'ar Tokiyo da abokan aikinsu, suka buga a mujallar Nature Materials cewa wannan gari yana fitar da iskar haidirojin daga ruwa da hasken da ido ke gani.

Ƙirarsa tana kama da saƙar tabarma. Ƙwayoyin kabon da na naitirojin sukan yi zobe mai kusurwa shida, zobe uku su manne su zama ɗauri guda, ɗaurin kuma ya riƙe na kusa da shi ta hannun wata ƙwayar naitirojin, har a sami shimfiɗa. Shimfiɗun sai su hau kan juna kamar yadda suke a bakin fensir. Tazarar da ilaktoron zai tsallaka a cikinsa ita ce 2.7 a ma'aunin ilaktoron-bolt, wadda ta yi daidai da haske mai tsawon zango kimanin nanomita 460, watau shuɗi. Shi ya sa yake rawaya: ya shanye shuɗin, ya maido mana da saura. Yana jure zafi har kusan digiri 600, ruwan asid da na kanwa masu matsakaicin ƙarfi ba sa cin sa, kuma da yake ba ya narkewa, in an gama aiki sai a tace shi a sake amfani da shi.

Yin sa ba shi da wuya. A zuba yuriya, ko melamin wanda shi ma daga yuriya ake samun sa, a cikin kasko mai murfi, a sa a tanderu, a kai zafin wajen digiri 550, a bar shi 'yan sa'o'i. In ya huce sai a tarar da garin. A nan sai in ja kunnen ɗalibai: hayaƙin da ke fita yana da ammoniya da waɗansu iskoki masu cutarwa, saboda haka aikin ɗakin gwaji ne mai mazuƙar hayaƙi, kada wani ya gwada a madafin gidansu. Yana da kyau kuma mu tuna cewa yuriya ita ce sinadarin da Friedrich Wöhler ya haɗa a 1828, abin da ake ɗauka a matsayin mafarin ilmin haɗa sinadarai dangin kabon, wanda daga cikinsa ne magunguna da rini da turare da roba suke fitowa.

Abin da Aka Riga Aka Ƙulla da Shi

Zan kawo misali huɗu. Na farko, a 2010 Wang da Antonietti da Siegfried Blechert na Balin suka nuna cewa garin yana iya mai da wani sinadari dangin barasa ya zama benzaldihaid, wanda ake amfani da shi wajen turare da ɗanɗanon abinci da rini, ba tare da komai ba sai haske da oksijin. A tsohuwar hanya, irin wannan aiki da gishirin kuromiyam ko manganis ake yin sa, a bar dagwalo mai guba. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan kuromiyam, domin wani nau'insa ne ake jima da shi a masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai maƙwabciyarmu.

Na biyu, a 2019 ƙungiyar Burkhard König ta Jami'ar Regensburg, tare da Antonietti da Aleksandr Savateev, suka buga a mujallar Science cewa sun yi amfani da hannayen dillalin duka biyu a lokaci guda. Gurbi ya yi aiki a gefe ɗaya, ilaktoron ya yi a ɗaya gefen, aka ɗaura abubuwa biyu daban-daban a jikin zoben kabon guda cikin tukunya ɗaya. Irin waɗannan zobba su ne ginshiƙin magunguna masu yawa. Bayan an gama, suka ware garin suka sake aiki da shi sau da dama.

Na uku, ƙulla kabon da kabon, ko kabon da naitirojin, yana daga cikin ayyukan da masana'antar magani ta fi yi, kuma bisa al'ada da ƙarfen faladiyam ake yi. Irin wannan aiki na faladiyam ne ya jawo wa Heck da Negishi da Suzuki kyautar Nobel a 2010. A 2019 da 2020 Bartholomäus Pieber da abokan aikinsa a Fotsdam suka nuna cewa idan aka gama kabon naitaraid da ɗan gishirin nikel, ƙarfe mai araha, ana iya ƙulla kabon da oksijin ko da naitirojin ba tare da faladiyam ko iridiyam ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi burge ni. A 2017 ƙungiyar Bettina Lotsch ta birnin Stuttgart ta bayyana wani nau'in garin da ke iya tara ilaktoron idan an haska shi, ya riƙe su sa'o'i a cikin duhu, sa'an nan ya sake su lokacin da ake bukata. Alamar cewa ya cika ita ce ya tashi daga rawaya ya koma shuɗi. Marinin Ƙofar Mata da zai ga wannan ba zai yi mamaki ƙwarai ba, illa dai zai lura cewa nasa shunin yana shuɗewa ne in ya saki ilaktoron, wannan kuwa in ya karɓa.

Inda Gizo ke Saƙar

Ba zan yi muku adalci ba in na tsaya a nan. Garin yana da aibobinsa. Na ɗaya, sau da yawa ilaktoron da ya hau sama yakan faɗo ya koma gurbinsa kafin ya sami abokin ciniki, ƙarfin hasken ya tafi a banza. Na biyu, shuɗi da shunayya kaɗai yake kamawa, sauran hasken rana wucewa yake yi. Na uku, wanda aka gasa a sauƙaƙe yakan dunƙule, fuskarsa da ke taɓa ruwan haɗin ba ta wuce kimanin murabba'in mita 10 a kowane giram ba, sai an yi dabarar huda shi ko ɓare shimfiɗunsa. Na huɗu, gasawar yau da ta gobe ba lalle su zo daidai ba, mai haɗa magani kuwa ba ya son abin da ke canza hali. Na biyar, haske ba ya ratsa ruwa mai kauri, saboda haka abin da ya yi kyau a 'yar kwalba ba ya yin kyau a ganga sai an canza ƙirar tukunyar, a riƙa tura haɗin ta cikin siraran bututu masu ɗaukar haske. Saboda waɗannan dalilai, mafi yawan aikin har yanzu yana matakin ɗakin gwaji.

Akwai kuma darasin kasuwa, wanda zan ɗauko daga maganin zazzaɓin cizon sauro, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya 'yan Nijeriya ne. Atimisinin, tushen magungunan da ake ba mu a yau, daga wani tsiro dangin tazargade ake samun sa, kuma gano shi ne ya jawo wa Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Matakin ƙarshe na haɗa shi yana yiwuwa da haske da oksijin. A 2012 Peter Seeberger da François Lévesque suka yi wannan a cikin siririn bututu, a 2013 kuma kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio ta Italiya mai aiki da haske. Dillalin da suka yi amfani da shi wani ne dabam, ba garinmu ba, amma hanyar ɗaya ce. Ilmin ya yi aiki sarai. Sai farashin wanda ake tatsowa daga tsiro ya faɗi, masana'antar ta kasa gogayya, aka sayar da ita a 2016. Wanda duk zai shiga wannan fage, lalle ya riƙe alƙalamin lissafi tare da kwalbar gwaji.

Rabonmu a Cikin Wannan Al'amari

To, mu me muke da shi? Muna da yuriya. Masana'antar takin Dangote da ke Lekki a Jihar Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, an gina ta ne domin ta fitar da tan miliyan 3 a shekara, ga kuma ta Indorama a Eleme kusa da Fatakwal. Kaso mai yawa na wannan yuriya jirgin ruwa ne ke fita da shi waje. Gaskiya ne yuriya ba ta da auki wajen gasawa, buhu mai kilo 50 ba zai ba da kilo 5 na garin ba, amma dillali ɗan kaɗan ake bukata, ana kuma maimaita shi. Muna da rana. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in mita a nan cikin shekara ya kusa ninka na Fotsdam sau biyu. A ɗaya gefen kuma, mafi yawan ainihin sinadaran da kamfanonin maganinmu suke matsawa su zama ƙwaya, daga Indiya da Sin ake sayo su. Duk ranar da Naira ta faɗi, mai jinya a asibitin da ke nan Giginyu shi ne yake biyan bambancin a wurin sayen magani.

Ba ina cewa gobe za mu fara haɗa magani a kan soro ba. Abin da nake cewa shi ne akwai tambayoyin da mu ne muka fi kowa damar amsa su. Masanan Turai da fitila shuɗiya suke aiki, domin ranarsu ba abin dogaro ba ce. Yaya garin zai yi a ƙarƙashin rana ta gaske daga hantsi zuwa la'asar? Me ƙurar hunturu za ta rage? Me zafin watan Afrilu zai ƙara ko ya ɓata? Yuriyar buhu, da abin da ake gauraya mata domin kada ta dunƙule, za ta ba da gari mai kyau kamar ta kwalba? Sau nawa za a maimaita shi kafin ya gaji? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa aikin digiri na biyu, kayan farawa kuma tanderu ne, da kasko, da bututu, da ma'auni.

Ga ɗalibai, shawarata ita ce ku auna, ku rubuta, ku maimaita. An yi rubuce-rubuce barkatai a duniya inda aka zuba garin a ruwan rini aka ga launi ya gushe aka ce an yi nasara, alhali wani lokaci garin ya tsotse rinin ne kawai. Gushewar launi ba hujja ba ce. Sai an nuna abin da aka samu, da yawansa, da tsabtarsa.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, a nan ne aikinku yake. Gasa gari yana da araha, amma tabbatar da abin da aka ƙulla yana bukatar na'urori masu tsada, waɗanda ba sa jure ɗaukewar wuta, suna kuma bukatar ƙwararren mai kula da su da kuɗin gyara kowace shekara. Muna da sassan ilmin sinadarai a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai da ke Basawa a Zariya, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Binciken Magunguna ta Abuja, ga kuma asusun TETFund. Na'ura ɗaya mai aiki, wadda ɗalibin Wudil ko na Katsina zai iya aiko mata da samfuri ya sami amsa cikin mako, ta fi goma da ke lulluɓe da leda. Idan takardar kasafi ta zo teburinku, ku duba ko an sa kuɗin wuta da na gyara da albashin mai kula, kafin ku sa hannu a kan sayen sabuwa.

Saura mu malaman harshe. Mai gasa tukwane, da marini, da majemi, da mai gyaran fitilar sola a bakin titi, su ne hannayen da kowace masana'anta za ta dogara da su, kuma da Hausa suke tunani. Dillali, gurbi, ƙullin zarra, kalmomi ne da na kawo domin gwaji. In malaman kimiyya sun ga sun karkace, mu zauna tare mu miƙe su.

Kammalawa

Jama'a masu sauraro, na fara da marina domin mu tuna cewa an taɓa yi mana wannan sau ɗaya: baba yana gonarmu, gwaninta tana hannunmu, amma sanin dalili ya tsiro a wani wuri, ciniki ya bi shi. A wannan karon labarin ya iso mu da wuri. Shekarun da aka yi ana haɗa sinadarai da kabon naitaraid ba su da yawa, sakamakon binciken yana nan a buge kowa na iya karantawa, kayan aikin kuma ana sayar da su a kasuwar taki. Mai yiwuwa garin ya cika alkawarinsa, mai yiwuwa wani dillalin ya zo ya ture shi. Ko ta yaya ta kasance, ɗalibin da ya koyi sarrafa haske da ilaktoron ba zai yi asara ba. Ita giginya tsawonta ne ya sa inuwarta take faɗawa nesa, ba ta da zaɓi. Mu muna da shi.